Jerin Zamani da Wasan Yara a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi Ɗambatta, ko kuwa ya kama hanyar Katsina ya ratsa Bichi da Tsanyawa, muddin dai ya yi tafiyar da idon basira, zai lura da cewa ƙasar nan ba ta da wani fili da za a ce ba na kowa ba ne, domin kuwa gona tana ƙarewa wata ke somawa, gida yana ɓacewa bayan gawo da ɗorawa wani ke bayyana, kuma ƙasar da ake nomawa bana ita ce aka nome bara, ita ce kuma kakanni suka nome, ba a barinta ta huta, sai dai a yi ta ciyar da ita da takin gida da wanda jakuna ke jidowa. A wuri irin wannan, inda ba a saran sabon daji, kowace gona tana da silsilar waɗanda suka mallake ta, kuma manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya zana maka su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wane ya gada daga wane, wane ya jinginar, wane ya fanso. Ba don sha'awa yake riƙe wannan a ka ba. Ya san ranar da aka je gaban alƙali a kan gado, abin da za a fara bincika shi ne wanda ya riga wani rasuwa, tun da yake a shari'ar mirasi ɗan da ya riga mahaifinsa cikawa ba ya cin gadonsa, kuma tazarar kwana guda tsakanin mutuwa biyu tana iya raba zuriya guda da gonarta.

Saboda haka mutanen wannan ƙasa ba baƙin tartibi ba ne, watau sanin abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Addini ma ya riga ya horar da su a kansa. Yaro tun yana ƙarami ake nuna masa cewa ba a sujada kafin ruku'u. Malaman hadisi na farko, sa'ad da maƙaryata suka yawaita, da shekarun haihuwa da na wafati suka riƙa kama su, domin idan mutum ya ce ya ji daga bakin wani shehi, alhali shehin ya rasu tun ba a haifi mai da'awar ba, to magana ta ƙare. Larabawa kafin Musulunci da manyan al'amura suke ƙirga shekaru, kamar Shekarar Giwa wadda aka haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikinta, har zuwa zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya tsayar da Hijira ta zama mafarin lissafi. Mawallafanmu na ajami kuma sun saba rufe waƙoƙinsu da ramzi, su ɓoye shekarar da suka yi talifi a cikin haruffan abajada, mai ilmin hisabi ya warware.

Sarautar Kano tana da nata jerin, kuma yana daga cikin mafiya tsawo a ƙasashen Sudan. Littafin nan na Larabci da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya jero sarakuna arba'in da takwas, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, kowanne da sunansa da sunan mahaifiyarsa a inda aka sani, da jarumansa, da yaƙe-yaƙensa, sa'an nan a rufe da adadin abin da ya yi a kan gadon sarauta. A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya kula da shi, domin mutane da yawa ba su san shi ba: littafin bai ba da shekarun da aka naɗa sarakuna ba, tsawon mulki kawai ya bayar, kuma shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya hau sarauta, da 1349 ta Yaji, da 1463 ta Muhammadu Rumfa, duk hisabi ne da aka yi daga baya, aka riƙa ɗebe shekarun kowane sarki ana komawa baya daga lokacin da aka tabbatar. Waƙar Bagauda, wadda ta haɗa jerin sarakuna da wa'azi a kan ƙarewar duniya, wadda kuma Mervyn Hiskett ya buga da sharhi a 1964 da 1965, ba ta dace da Tarihin Kano ba a sunayen sarakunan farko. Kazalika zuwan Wangarawa da malaminsu Abdurrahman Zaite, Tarihin Kano ya ajiye shi a zamanin Yaji, amma littafin asalin Wangarawa da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na goma sha bakwai ya kawo shi zamanin Rumfa, tazarar fiye da shekara ɗari. Malamai har gobe suna muhawara a kan wannan, kuma muhawarar tana da nauyi, domin a kanta ne ake gina bayanin yadda Musulunci ya kafu a fada.

Wannan jeri kuwa na malamai ne da maroƙa da 'yan fada. Talakan ƙauye yana da nasa daban, wanda bai shiga littafi ba sai daga baya, kuma da wahala aka rubuta shi a zukata. Shekarun yunwa su ne ginshiƙansa, kowace da laƙabinta: Kakalaba ta 1914, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwan 1913, Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942, Muda ta wajen 1954, sai kuma farin 1973 wanda manya da yawa na yanzu suka gani da idonsu. A tsakanin waɗannan ake saka sauran abubuwa, kamar shekarar da fara ta sauka, ko wadda aka yi sanƙarau, ko wadda aka naɗa dagaci, ko wadda aka canja kuɗi. Ma'aikatan ƙidayar jama'a sun daɗe da gane amfanin wannan, har ya zama sukan tafi da jerin al'amuran da aka sani a yanki don kimanta shekarun tsofaffi. Sai ka ga malamin ƙidaya ya durƙusa a ƙofar ɗakin wata tsohuwa ya ce, “Iya, shekarunki nawa?” Ita kuwa ta ce, “Ɗan nan, wa ya ƙirga? Ni dai lokacin Muda ina goyon fari.” Daga wannan amsa kaɗai ya sami abin rubutawa, kuma da wuya ya kauce da fiye da shekara biyu ko uku.

To, ina rabon yara a cikin wannan duka? Gaskiyar magana, a zamanin da ba wanda ya zauna ya koya musu shi da niyya. Abin da aka ba su shi ne tatsuniya, ita kuwa ba ta da shekara, Gizo da Ƙoƙi ba su zauna a zamanin wani sarki ba. Dandali kuma cike yake da wasanni masu horar da jiki da hankali, langa ga samari, carafke da gala-gala da gaɗa ga 'yan mata, dara ga wanda ya soma girma, kacici-kacici ga kowa. Akwai ma waɗanda suka kusanci tarihi ƙwarai, domin a tashen watan azumi yara kan kwaikwayi malami da maharbi da mai magani, a kalankuwa kuma, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa wa junansu sarauta, a yi sarki da alƙali da dogarai, bayan zuwan Turawa har da gwamna da di'o, a yi zaman fada a yanke hukunci. Daga nan yaro ya san wa ke gaba da wa a muƙami, ya san inda Waziri ke zama da inda Madaki ke zama. Amma wa ya riga wa a zamani, wannan sai dai ya tsinta a bakin kakansa a gona, ko a wurin maroƙi ranar salla, gutsure-gutsure, ba a haɗe ba. Abubuwa biyu ne suka zauna a ƙauye guda shekara da shekaru, jerin manya da wasan yara, ba a taɓa ɗaura musu aure ba.

Da makarantar boko ta zo, tun daga wadda Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, har aka soma kafa elementare a garuruwan hakimai, sai tarihi ya shiga aji. Hukumar fassara ta Zariya ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, wanda a cikinsa aka mayar da Tarihin Kano zuwa Hausa, daga baya kuma Alhaji Abubakar Dokaji ya wallafa Kano Ta Dabo Cigari a 1958. Littattafai ne masu daraja, kuma waɗanda suka karanta su da ƙuruciya ba su manta ba. Illar ta zo ne ta wajen hanyar koyarwa, domin an ɗauko hadda, wadda ta dace da nassin da ba a son a canja masa ko wasali, aka ɗora ta a kan ilmin da ke bukatar tambaya da kwatantawa, sai yaro ya riƙa rera sunaye da lambobi da tsoron bulala, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya fita ya bar su a can. Da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a 1976 yara suka yi yawa, ƙwararrun malamai suka yi kaɗan. Daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010 kuwa aka cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin zaman jama'a, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da shi. A tsakanin nan an yaye yara masu ɗimbin yawa waɗanda suka san sunan Dabo da na Rumfa, amma idan ka tambaye su wanne ya riga, sai su yi shiru, ko su ce ai duk mutanen da ne. Wannan abu yana ci mini rai, domin tsakanin rasuwar Rumfa a 1499 da naɗin Ibrahim Dabo a 1819 akwai shekara ɗari uku da ashirin, kuma wanda ya dunƙule su wuri guda ya shafe Kutumbi da Sharefa da Babba Zaki da Alwali da Jihadi baki ɗaya. Labarai ba jeri kamar zangarniyar gero ce da ba a ɗaure ta dami ba, kome yawanta ba ta ɗaukuwa zuwa gida.

Koyar da jerin zamani ta hanyar wasa ba sabon abu ba ne a duniya. A Faransa, a 1644, sa'ad da Sarki Luwi na goma sha huɗu yake ɗan shekara shida, an buga masa katin wasa mai ɗauke da sarakunan ƙasarsa, domin ya san magabatansa yana wasa. Mu ma ba sai mun je nesa neman hujja ba, tun da Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi wasiyya da a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, ya kuma yi gargaɗi cewa hana shi da takura shi ga karatu kullum yana kashe masa zuciya, yana dushe masa kaifin hankali.

Na taɓa ganin yadda wani malamin firamare a wani ƙauye na ƙasar Makoɗa ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, ba da wani kayan aiki ba sai abin da ke ƙarƙashin tsamiyar makaranta. Ya sa yara suka tona gurabe goma sha uku a jere, irin na dara, kowane gurbi na sarki guda daga cikin sarakunan bayan Jihadi: Sulaimanu, Ibrahim Dabo, Usman, Abdullahi Maje Karofi, Muhammadu Bello, Tukur, Alu, Abbas, Usman na biyu, Abdullahi Bayero, Muhammadu Sanusi, Muhammadu Inuwa, Ado Bayero. A gefen kowane gurbi aka tara 'ya'yan tsamiya gwargwadon shekarun mulki, har yaro yana iya gani da ido cewa tarin Ado, mai hamsin da ɗaya, ya rinjayi na kowa, na Inuwa kuwa, wanda bai cika shekara ba, ƙwaya ɗaya ce aka fasa. Sa'an nan aka raba yara gida biyu, aka ba kowane gida guntayen kara, a jikin kowanne an rubuta wani al'amari, kamar zuwan jirgin ƙasa, ko saukar jirgin sama na farko a Kano, ko Basasar Kano, ko Kakalaba, ko zuwan Sarauniyar Ingila, ko fitowar naira. Wanda layi ya zo kansa ya ɗauki kara, ya yi langa da ƙafa ɗaya daga gurbin Ado yana komawa baya, yana kiran sunan kowane sarki da ya tsallake, har ya isa inda yake zaton karan ya dace ya dasa shi. In ya yi daidai gidansu ya ci. In ya kuskure ko ya sauke ƙafa, abokan hamayya su ƙwace karan.

Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan rana gardama ce da ta tashi a kan gurbin Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919. Kara biyu suka haɗu a cikinsa, na jirgin ƙasa da na Kakalaba, sai malam ya ce ba a gama ba sai an faɗi wanda ya riga. Wani yaro ya ce yunwa ce ta riga, saboda a tunaninsa an kawo jirgi ne don a kawo wa mutane abinci. Wata yarinya ta ce, “Malam, kakanmu ya ce babansa ya ce jirgi ne ya kawo cinikin gyaɗa, kuma ana cikin gyaɗa yunwa ta zo.” Malam ya ce, “Kin faɗi daidai, 'yata,” ya kuma ba su shekarun: dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a kakar 1912, ruwa ya gaza a 1913, yunwa ta kama a 1914. Daga nan ya tambaye su, idan manomi ya ba gyaɗa wani sashe na gonar da a da yake shuka gero, ya kuma sayar da abin da ke rumbu don biyan haraji da kuɗin Turawa, sa'an nan damina ta ƙi, me zai faru? Masana tarihi sun yi saɓani a kan gwargwadon laifin gyaɗa da haraji a wannan musiba, tun da fari shi ne asali, amma tambayar kanta ba ta yiwuwa sai ga wanda ya san abin da ya riga wani. Yaron da ya sa yunwa a gaba ya gina labari mai daɗin ji wanda bai faru ba. Da aka gyara masa jerin sai sababi ya fito da kansa, kuma ba bulala ce ta fito da shi ba, son cin wasa ne.

Ina ganin hikimar malamin nan ta fi bayyana a wurare biyu. Ya fara daga kusa ya nufi nesa, daga sarkin da iyayen yaran suka gani zuwa wanda sai a littafi, maimakon ya fara da Bagauda da Barbushe waɗanda yaro ba shi da abin da zai auna nisansu da shi. Su waɗannan ya bar su sai aji na gaba, inda ake ƙara gurabe, yara su yi ta mamakin Dakauta da ya kwana ɗaya tak a sarauta da Atuma da ya yi kwana bakwai, a kuma gaya musu gaskiya cewa shekarun farkon nan ƙiyasi ne. Sa'an nan bai bar gurabe su zama na fada kaɗai ba. Sunan sarki ma'auni ne na lokaci, abin da ake zubawa a ciki kuwa rayuwar jama'a ce, kuma ƙasar arewacin Kano tana da abin zubawa mai yawa: faɗan Ɗan Tunku da Kano wanda ya ƙare da kafuwar Kazaure, zaman Dambazawa a Ɗambatta da sarautar Sarkin Bai, zaman Madaki a Dawakin Tofa, hare-haren Damagaram da suka taɓa Gezawa a zamanin Alu, hakimcin Abdullahi Bayero a Bichi yana Ciroma kafin ya hau gadon Dabo a 1926, saƙa da rini na Minjibir, har zuwa madatsun ruwa irin na Tomas da aka soma tun mulkin Audu Bako.

Akwai masu cewa wasa yana zubar da kwarjinin ilmi, kuma ba na raina wannan magana, domin na san akwai wasan da ba ya barin kome sai ihu da ƙura, kuma yaron da ya iya jera sarakuna goma sha uku da ƙafa ɗaya bai zama masanin tarihi ba tukuna. Sharaɗin shi ne malami ya san abin da yake nema, ya tsayar da wasa a daidai inda gardama ta tashi, ya mayar da ita tambaya. Wannan kuwa yana bukatar malamin da shi kansa ya san jerin, alhali da yawa daga cikin matasan malaman yanzu suna cikin waɗanda aka yaye a shekarun da babu darasin.

Abin da littafin gwamnati ba zai iya kawowa ba shi ne karan kowane ƙauye, domin ba wanda ya rubuta shekarar da aka haƙa rijiyar gari, ko wadda kasuwa ta tashi daga tsohon wurinta, ko jerin dagatai da limamai, sai abin da ke kan dattawa. Malamin da na ambata yakan aiki yara gida da tambaya guda a ranar Alhamis, su dawo da amsa ranar Litinin, a rubuta a sabon kara tare da sunan wanda ya faɗa, in an sami ruwaya biyu masu saɓani a ajiye su duka har a sami na uku. Aikin yana da gaggawa, domin waɗanda suka ga 'Yar Gusau da wayonsu yanzu sun doshi shekara casa'in, waɗanda suka ga Muda kuma sun haye saba'in da biyar.